Ba a Ɓoye Mana Su Ba, Mu Ne Ba Mu Karanta Ba

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatanka. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san yawancin masu karanta ka 'yan'uwanmu Musulmi ne. Ni kuwa Bahaushe ne Kirista, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, yanzu ni ke koyar da ajin masu shirin baftisma a wata ƙaramar ikilisiya a ƙasar Zazzau. Da 'yan'uwana Kirista nake magana da farko, amma akwai inda zancen ya shafi maƙwabtanmu, kuma in na iso wurin zan yi shi da ladabi.

A 'yan shekarun nan wayoyin yaranmu sun cika da bidiyo iri ɗaya. Wani ne yake magana da murya mai firgitarwa, yana cewa akwai littattafai da manyan ikilisiya suka cire daga Littafi Mai Tsarki suka ɓoye don kada talaka ya san gaskiya. Yaro zai kalla, hankalinsa ya tashi, ya je wurin fasto. Sau da yawa amsar da yake samu ita ce, "Kada ka kuskura ka taɓa su, na Shaiɗan ne." Wannan amsa ba ta kwantar da hankalin kowa. Yaron zai koma gida yana cewa a ransa lallai akwai abin da ake rufewa. Alhali littattafan nan ba a ɓoye suke ba. An buga su, ana sayarwa, suna nan kyauta a intanet, ana kuma koyar da su a makarantun tauhidi irin ta Bukuru. Abin da ya rage shi ne ba su iso hannun mai karanta Hausa ba, kuma mu manya ba mu ba su labarinsu ba.

Yadda aka koya mana tarihin bangaskiyarmu, sai ka ce da manzo Yohanna ya ajiye alƙalami duniya ta yi tsit, ba a sake jin ɗuriyar kowa ba sai ranar da Turawan mishan suka iso, Likita Miller ya zauna a Zariya, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Tsakanin nan akwai shekaru fiye da 1,800. Shi ya sa in aka ce wa yaronmu addininsa na Bature ne, sai ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya gaya masa cewa ranar 17 ga Yuli na shekara ta 180 an gurfanar da waɗansu Kirista, maza da mata, gaban gwamnan Rumawa a birnin Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, aka tambayi ɗayansu mai suna Siferatus me ke cikin akwatinsa, ya ce littattafai ne da wasiƙun Bulus, mutum mai adalci. Aka ba su kwana 30 su sake tunani, suka ce ba sa bukata. A nan Afirka aka yi wannan, kuma takardar shari'ar tana nan har yau.

Ɗan ƙanena da ya yi karatun tauhidi shi ya bar mini wani littafi na Turanci da ya tattara rubuce-rubucen mutanen da suka biyo bayan manzanni. Da ƙamus a gefe na riƙa karanta shi da dare, sannu a hankali. Abin da ya fara kama ni wata 'yar takarda ce da ake kira Didake, wato Koyarwar Manzanni Goma Sha Biyu. Masana suna ganin an rubuta ta a ƙarshen ƙarni na ɗaya ko farkon na biyu. Ta ɓace wa duniya tsawon ƙarnuka, sunanta kawai aka sani, sai a 1873 wani malamin ikilisiyar Girka mai suna Biriyeniyos ya gano ta a wani ɗakin littattafai a Istanbul, cikin kundin da aka kwafa a 1056. Ya buga ta a 1883. Sura 16 ce gajeru. Ta fara da cewa hanyoyi biyu ne, ta rai da ta mutuwa, kuma akwai bambanci mai girma a tsakaninsu. Sai ta shiga koya wa sabon mai bi yadda zai zauna da mutane, yadda zai yi azumi da addu'a, yadda za a yi masa baftisma. Wato aikin da nake yi kowace Lahadi da yamma, ga wani ya riga ni yinsa tun zamanin da jikokin waɗanda suka ga Yesu da idonsu suna raye.

Dubi abin da ta ce a kan baftisma. A yi ta cikin ruwa mai gudu. In babu mai gudu, a yi da wani ruwan. In ba za a iya da mai sanyi ba, a yi da mai ɗumi. In duk babu, a zuba ruwa a ka sau uku cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kafin ranar kuma, mai yi da wanda za a yi wa su yi azumi. Mu a ikilisiyarmu nitsarwa muke yi, kuma ita na fi so har gobe. Amma wanda ya taɓa neman ruwan da zai kai ƙugu a watan Maris a ƙasarmu, rafi ya ƙafe, kududdufi ya zama taɓo, ya san wanda ya rubuta wannan mutum ne mai hankali da ya san ƙasa mai ƙarancin ruwa. Mun daɗe muna jifan juna da maganar wane an nitsar da shi, wane zuba masa aka yi. Tun da na karanta wannan sura, in na ji wani yana raina baftismar ɗan'uwansa saboda yawan ruwa, ba na yin shiru.

Inda Didake ta fi yi mini amfani kuwa shi ne maganar baƙin masu wa'azi. Ta ce in manzo ya zo muku ku karɓe shi kamar Ubangiji, amma kwana ɗaya zai yi, in da bukata biyu. In ya kai uku, annabin ƙarya ne. In zai tafi kada ya ɗauki komai sai gurasar da za ta kai shi masauki na gaba. In ya nemi kuɗi, annabin ƙarya ne. Wanda ya ce cikin Ruhu "ku ba ni kuɗi", kada a saurare shi, amma in don waɗansu mabukata ya ce a bayar, kada kowa ya hukunta shi. Baƙon da yake so ya zauna, in yana da sana'a ya yi aiki ya ci. In ya ƙi, mai kasuwanci ne da sunan Almasihu, a yi hankali da shi. Malam Edita, ka san masu zuwa ƙauyukanmu da lasifika da kwalaben mai da ruwan da suka ce na albarka ne, su kwana bakwai suna cewa a shuka iri, su tafi da kuɗin takin gwauruwa. Na taɓa karanta wa dattawanmu wannan sura, na juya musu da Hausa, a lokacin da wani irinsu ya nemi a ba shi bagadi. Wani tsoho da bai yi boko ba ya ce, "Ashe tun can akwai su." Aka ba baƙon abinci da wurin kwana, ba a ba shi bagadi ba. Kada kuma wani ya ɗauka takardar tana hana ciyar da bayin Allah, domin ita ce ta ce malami na gaskiya da ya zauna tare da jama'a ya cancanci abincinsa, annabi na gaskiya kuma a ba shi nunan fari.

Akwai wata magana a cikinta da nake so in riga masu neman fitina bayyanawa. Ta ce kada azuminku ya zama tare da na munafukai masu yin Litinin da Alhamis, ku ku yi Laraba da Juma'a. Wani zai iya yanko wannan ya ce da Musulmi ake. An rubuta ta fiye da shekara 500 kafin Hijira, kuma da waɗansu Yahudawan zamanin take jayayya, irin Bafarisin nan na Luka sura 18 mai fahariyar azumi sau biyu a mako. Wanda ya ɗauke ta ya jefi maƙwabcinsa da ita ya yi wa takardar ƙarya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ba sai na gaya wa kowa halin da muke ciki da masu garkuwa da mutane ba. Lokacin da suka kwashi waɗansu daga cikinmu a hanyar gona, bayan sujada muka zauna ƙarƙashin darbejiya ana haɗa abin da za a kai. Wani ya sayar da ragon da yake kiwo. Wata gwauruwa ta kawo gyaɗa a ƙullin zane ta ajiye gaban magatakarda, ta ce ita ke nan abin da take da shi. Maƙwabtanmu Musulmi sun aiko da nasu, ba wanda ya roƙe su. Magatakarda yana rubuta sunaye a littafin makaranta, hannunsa yana rawa. A zuciyata akwai nauyi biyu: tausayin waɗanda ke daji, da sanin cewa kuɗin nan harsashi za su zama.

A cikin kwanakin nan na karanta wata wasiƙar Kifiriyanus, bishop ɗin Kartaj, wadda ya rubuta wajen shekara ta 253 zuwa ga bishop-bishop takwas na Numidiya, cikin Aljeriya ta yau. Mahara sun kwashe Kirista maza da mata, an rubuto masa ana neman taimako. Ya ce da hawaye suka karanta saƙon. Ya ce a cikin 'yan'uwan da aka kama Almasihu ne ya kamata a gani, wanda ya fanshe mu da jininsa, yanzu shi za a fansa da kuɗi. Ya ambaci tashin hankalinsa a kan 'yan matan da ke hannun maharan. Ya aika da sestarti 100,000, kuɗin Rumawa na lokacin, waɗanda jama'arsa suka tara, ya haɗa da sunayen waɗanda suka bayar domin a riƙa tunawa da su cikin addu'a. Ya ce yana fata hakan ba zai sake faruwa ba, amma in ya faru kada su yi jinkirin sanar da su. Wasiƙar ba ta warware mini matsalar harsashi ba, kuma har yanzu ina ganin hakkin hukuma ne ta tsare mu har mu daina zama ƙarƙashin bishiya muna tara wa azzalumai kuɗi. Amma ta cire mini wani tunani da ke neman kashe mini bangaskiya, cewa Allah ya juya mana baya ne shi ya sa wannan ya same mu. Mutanen da suka fi mu kusa da manzanni sun zauna irin wannan zama, sun rubuta sunaye irin yadda muka rubuta.

Cikin waɗanda suka dawo akwai wani saurayi. An ɗora masa bindiga a ka aka ce ya yi musun Ubangijinsa, ya yi. Da ya dawo sai ya riƙa zama a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, in an fara raba Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu, ya sulale ya fita. Dattawa suka rabu biyu. Waɗansu suka ce a sa shi ƙarƙashin horo a sanar a gaban jama'a, waɗansu suka ce a yi kamar ba a ji ba. Wannan ma Kartaj ta riga mu gani. A shekara ta 250 sarki Desiyus ya ba da doka kowa ya yi hadaya ga gumakan Rum ya karɓi takardar shaida, kuma an tono irin waɗannan takardu da dama a Masar. Kirista masu yawa suka faɗi. Waɗansu sun yi hadayar, waɗansu sun sayi takardar da cin hanci. Da ƙura ta lafa suka dawo suna kuka a ƙofar ikilisiya. A Roma wani mai suna Nobatiyan ya ce ba za a karɓe su ba. A Kartaj waɗansu suna raba musu gafara ba tare da tuba ba. Kifiriyanus ya ƙi duka biyun. A littafin da ya rubuta kan waɗanda suka faɗi ya bambanta wanda ya ruga da ƙafarsa tun ba a taɓa shi ba, da wanda ya tsaya har azaba ta karya jikinsa, ya ce na biyun nan yana da abin da zai roƙi gafara da shi. Ya ba da misalin mutum biyu, Kastus da Emiliyus, da suka faɗi a karo na farko, suka tsaya har mutuwa a na biyu. Taron bishop-bishop na 251 ya yanke a duba kowa da halinsa, kuma ba da daɗewa ba, da aka ga wata tsanantawa na tafe, aka karɓi duk waɗanda suka tuba domin kada su shiga wahala babu Jibin Ubangiji.

Wannan na kai wa dattawa, tare da labarin Bitrus da ya yi musu sau uku, Ubangiji kuma ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa. Aka yarda mutum biyu su riƙa zama da yaron suna karatu da addu'a, ba a tona masa asiri a bagadi ba, daga baya fasto ya miƙa masa gurasa da hannunsa. Wani abokina malamin Islamiyya da na ba shi labarin ya ce su ma suna da ƙissar Ammar ɗan Yasir, wanda aka tilasta shi da azaba ya furta abin da ba ya zuciyarsa, aya ta sauka a kan wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani. Ya kuma ce abin da masu bindigar suka yi ba shi da wuri a addini. Na yarda da shi, domin na san shi na san gidansa.

Haka kuma labarin Folikarbus, tsohon bishop ɗin Simirna, garin da ake kira Izmir a Turkiyya yanzu. Kowa ya fi sanin amsar da ya ba gwamna da aka ce ya zagi Almasihu, cewa shekara 86 yana bauta masa bai taɓa yi masa laifi ba, ta yaya zai saɓi Sarkin da ya cece shi. Ni abin da ya fi shiga raina abubuwa ne da suka faru kafin nan. Da aka fara nemansa, 'yan'uwa sun lallashe shi ya bar gari ya koma wata gona, ya kuwa tafi. Waɗanda suka rubuta labarin sun ambaci wani Kwintus da ya kai kansa da kansa don a kashe shi, da ya ga namun dajin sai ya tsorata ya yi hadaya, suka ce ba sa yabon masu miƙa kansu, domin ba haka bishara ta koyar ba. Muna da 'yan gudun hijira da suka bar ƙauyukansu da majami'unsu, waɗansu suna jin kamar sun ci amanar Ubangiji. Ina gaya musu Folikarbus ma ya kauce, Kifiriyanus ma ya ɓuya a zamanin Desiyus yana kiwon jama'arsa da wasiƙu, sai a 258 aka fille masa kai. Sannan da masu kama Folikarbus suka iso, ya sa a kawo musu abinci da abin sha, ya roƙi su ba shi awa ɗaya ya yi addu'a. Samarinmu da zuciyarsu ke tafasa da neman ramuwa, wannan nake karanta musu, kuma ba ya yi musu daɗin ji.

Mai ɗakina kuwa Farfetuwa ce tata. Mace ce 'yar kimanin shekara 22, da jariri a nono, aka kashe ta a Kartaj a 203 tare da wata baiwa mai suna Felisita da ta haihu a kurkuku. Farfetuwa da hannunta ta rubuta abin da ya same ta. Ta faɗi yadda mahaifinta, wanda ba Kirista ba ne, ya zo yana sumbatar hannuwanta, ya faɗi a ƙafafunta yana roƙon ta ji tausayin furfurarsa. Da aka doke shi da sanda a gaban shari'a, ta ce ta ji kamar ita aka doka. Ba ta zage shi ba ko sau ɗaya, baƙin cikin tsufansa take yi. Duk wanda bangaskiya ta shiga tsakaninsa da iyayensa a ƙasar nan, ta kowane ɓangare, ya san wannan ciwo. Mai ɗakina ta ba da labarin a zumuntar mata, ta ce da ta kai inda aka bar wa Farfetuwa jaririnta har ta ce kurkukun ya zame mata fada, sai da aka dakata aka rera waƙa kafin ta iya ci gaba.

Kada wani ya ɗauka ina ɗora waɗannan rubuce-rubuce daidai da Maganar Allah. Karanta su ne ma ya ƙara nuna mini bambancin. Kilemas na Roma, a wasiƙarsa mai kyau zuwa ga Korintiyawa wajen shekara ta 96, ya kafa hujjar tashin matattu da wani tsuntsu na ƙasar Larabawa da aka ce yana shekara 500 ya mutu, wani ya fito daga gawarsa. Tatsuniyar zamaninsa ce ya ɗauka gaskiya. Tartuliyan, gwanin marubucin Kirista na Kartaj, ya faɗi maganganu masu zafi a kan mata da ba zan maimaita wa 'ya'yana ba. Wasiƙar da ake jingina wa Barnaba ta yi wa Yahudawa kaushin da Bulus bai yi ba. Littafi Mai Tsarki shi ne mudu, waɗannan hatsi ne da ake aunawa da shi. Su kansu mutanen dā haka suka riƙe su. A wasiƙarsa ta Ista ta 367, Atanasiyus na Iskandariya ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda muke da su, sannan ya ambaci waɗansu, har da Didake da Makiyayi na Hermas, ya ce ba sa cikin jerin amma iyayen ikilisiya na dā sun sa a riƙa karanta wa sababbin masu bi. Wanda yake son ɓoye littafi ba ya rubuta sunansa ya ce a karanta wa sababbin zuwa. Tun kafin shi, wajen shekara ta 200, Serafiyon bishop ɗin Antakiya ya tarar da wata ikilisiya tana karanta abin da ake kira Bisharar Bitrus. Ya nemo littafin ya karanta da kansa, ya ce yawancinsa daidai ne amma an cusa waɗansu abubuwa, ya jera su. Irin wannan amsa nake so fastocinmu su riƙa ba yara.

Su kuma littattafan da masu bidiyo suka fi so, gani ya kori ji. A 1945 manoma a kusa da Naj Hammadi a Masar suka tono tulu ɗauke da kundaye 13 da harshen Kibɗawa, suna gidan tarihi a Alƙahira yanzu. A ciki akwai Bisharar Toma, maganganu 114, babu labarin gicciye ko tashi. Ta ƙarshe tana cewa Bitrus ya nemi Maryamu ta fita daga cikinsu don mata ba su cancanci rai ba, Yesu kuma ya ce zai mai da ita namiji. Na karanta wa 'yan ajina wannan, wata yarinya ta ce, "Baba, wannan ba muryarsa ba ce." Ban ƙara komai ba.

Ga maƙwabtana masu kawo mini Linjilar Barnaba, da girmamawa nake cewa ku bincika asalinta. Ba ita ce tsohuwar wasiƙar Barnaba da na ambata ba. Kwafinta mafi tsufa da Italiyanci yake, na ƙarshen ƙarni na 16, yana Biyana ta ƙasar Ostiriya, kuma an fassara shi zuwa Turanci a 1907. A ciki an ce Yesu ya shiga jirgin ruwa ya sauka a Nazarat, garin da ke kan tudu nesa da bakin ruwa. An kuma sa shi yana cewa shi ba Almasihu ba ne, alhali Alƙur'ani da kansa Almasihu Isa ɗan Maryama yake kiransa. Littafin bai yi daidai da namu ba, bai yi daidai da naku ba. Ku da kuka san darajar isnadi za ku fi jin daɗin Ireniyus, wani bishop na ƙarni na biyu, wanda ya ce yana yaro ya zauna gaban Folikarbus, yana iya tuna inda tsohon yake zama da yadda yake ba da labarin zamansa da Yohanna, ya ce ba a takarda ya rubuta ba, a zuciyarsa ya rubuta.

Akwai kuma wata wasiƙa zuwa ga wani Diyognetus, wadda ba a san marubucinta ba. Ta ce ba a bambanta Kirista da sauran mutane ta ƙasa ko harshe ko al'ada. Suna bin al'adar garinsu a sutura da abinci, suna aure suna haihuwa kamar kowa, suna biyayya ga dokoki, rayuwarsu kuma ta wuce abin da doka ta nema. Ni da aka sha tambayata yadda aka yi Bahaushe ya zama Kirista, wani lokaci ma Kirista 'yan'uwana ne masu tambayar, wannan ya zaunar da ni cikin babbar rigata da hulata ba tare da jin ina bin kowa bayani ba.

Roƙona ga malaman makarantun tauhidi da masu buga littattafan ikilisiya shi ne a juya mana waɗannan zuwa Hausa. Ba aiki ne mai yawa ba in an fara da gajerun. Didake ba ta kai rabin awa ba in an karanta ta da murya. A haɗa ta da labarin Folikarbus, da na Farfetuwa, da wasiƙar Diyognetus, da wasiƙar Kifiriyanus ta fansar kamammu, a yi ɗan littafi da mai sayar da itace zai iya saya. Waɗanda suka koyi Girkanci da Latin su yi fassarar daga tushe, a ba tsofaffin da suka iya Hausa su gyara harshen, a sa gajeren bayani a gaban kowanne da zai faɗi wanda ya rubuta, da lokacin, da cewa ba Nassi ba ne. A kuma ɗauki murya a tura ta WhatsApp saboda iyayenmu mata da ba sa karatu, tun da ta nan ne bidiyon masu firgitarwa suke shigo mana. Ina da surorin Didake da na juya da hannu don 'yan ajina, daga Turanci na yi su, suna bukatar wanda ya fi ni sani ya duba. Duk wanda ya tashi wannan aiki zai iya nemana ta ofishin jaridar nan, zan ba shi su.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu.

Naka,
Malamin ajin baftisma,
daga ƙasar Zazzau, Jihar Kaduna.